Ɗan Mai Ganga

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun shekaranjiya kuna tambayar ko na manta da Yasmin a tasha, ban manta ba. Sau uku ina rubuta shafin nan ina gogewa, don ni kaina bai bar ni lafiya ba. Wanda yau ya fara shigowa ya gyara zama, ba zai ɓata ba.

*

Motar Kurfi ba ta cika ba sai wajen ƙarfe tara. Yasmin na gidan baya a jikin taga, waya a hannu, tana sake karanta saƙon da ya hana ta karin kumallo.

Mako uku ke nan da malaminsu na jami'a ya ba su adireshin wani rumbu a intanet, inda ake adana kiɗe-kiɗe da raye-rayen gargajiya na ƙasashen duniya. A kan kiɗan noma take rubuta kundin kammala digirinta. Ta shiga neman abin kafa hujja, sai ta ci karo da wani tsohon bidiyo na minti goma sha huɗu, an rubuta a ƙasansa: Jibo mai gangar noma, Barkiya, Yuli 1979.

Da wushiryarsa da tabon da ke gefen girarsa ta gane shi. Baba Jibo ne, tsohon da ya shekara shida a shagon ƙofar gidansu a Dutsin-Ma yana kula da tumakin Abbanta, wanda aka binne wata huɗu da suka wuce. Ba ta taɓa jin ya riƙe ganga ba.

A ranar, da gudu ta kai wa Abba wayar. Bai yi minti ɗaya yana kallo ba, daidai inda wani ɗan yaro ya shigo fili yana rawa, ya kau da kai ya ce ta kashe. Ta ɗauka kiɗan ne ba ya so.

Sai ta rubuta wa masu rumbun tana neman izinin sa bidiyon a kundinta. Jiya amsa ta zo. Suna ba ta haƙuri, ɗan mai gangar ya rubuto musu ya nemi a sauke bidiyon, su kuma ƙa'idarsu ce su bi abin da iyali suka ce. Ranar Juma'a za su sauke.

Yau Laraba.

Abin da aka gaya musu a gida shi ne Baba Jibo bai taɓa haihuwa ba. Ɓarayin daji suka tashi 'yar unguwarsu, Abba ya tausaya ya ba shi wurin kwana. Danginsa ɗaya ta taɓa gani, wata tsohuwa Gogo da ta zo zaman makoki daga Kurfi ta ce ita ƙanwarsa ce, ta yi ta kuka har matan unguwa suka fara kallon juna. Wurinta Yasmin za ta.

Ba ta sha wahalar gano gidan ba. Ta tarar da Gogo a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa, ƙafa a miƙe. Tsohuwar ta kare ido da hannu ta dube ta, tana gane ta ta ture tiren gefe, ta shiga lale marhabin har da kawo fura. Suka gaisa, ta tambayi Alhaji, ta tambayi Hajiya, ta tambayi kowa da sunansa har autarsu. Yasmin ta yi mamakin yadda ta riƙe sunayen, zuwa ɗaya kawai.

Ba ta iya shan furar ba. Ta matsa kusa, ta ce akwai abin da ta kawo mata ta gani.

Ta kunna.

Gangar ce ta fara tashi kafin hoto ya washe. Gona ce shimfiɗiɗiya, gero ya kai gwiwa, manoma sun jeru sun duƙa da hauyoyi. A gabansu wani dogon saurayi rataye da ƙatuwar ganga yana ja da baya yana dukanta, yana kiran kowa da kirarinsa.

Gogo ta matso da fuska kusa da wayar. Sai ta miƙo hannu ta ɗora yatsa a kan fuskarsa, bidiyon ya tsaya.

"Na ɓata shi?"

"A'a Gogo, taɓawar ce ta tsayar da shi."

"To bar mani shi haka tukuna."

Ta daɗe tana kallonsa. Da aka ci gaba ta shiga kiran sunayen mutanen da ke layin ɗaya bayan ɗaya. Wannan Ɗanmusa ne, kwalara ta kashe shi. Wannan Mahmuda ne mai gonar, a hanyar Wurma aka tare shi shekara huɗu da suka wuce. Duk wanda ta kira sai ta bi shi da Allah ya ji ƙansa, har layin ya ƙare ba ta bar mutum ɗaya a raye ba.

Sai ga yaron ya faɗo fili. Bai wuce shekara biyar ba, 'yar riga iya cibiya, yana tsalle yana karkaɗa kafaɗa. Mai gangar ya juyo gare shi yana dariya, ya sauya kiɗa, ya ɗaga murya:

"Audi taka, ƙasar ta ubanka ce,
Audi taka, gero na kallon ka."

Gogo ta ja bakin zane ta rufe fuska.

Yasmin ta tsayar da bidiyon. Ta gaya mata zancen saƙon, da ɗan da ya ce a sauke, da ranar Juma'a. Ta ce ita ba rigima ta zo nema ba, so take a nuna mata inda Audin nan yake, ta je ta roƙe shi. Ko kabarin Baba Jibo yau ba kowa zai iya nuna shi ba, nan ne kaɗai wurin da ya rage a duniya da aka rubuta sunansa da sana'arsa.

Tsohuwar ta ce ta yi haƙuri ta sha furarta. Ta ce akwai maganar da ta fi ƙarfin bakin mace irinta, kuma Yaya ya ɗaure ta da alkawari.

"Gogo, wanda kika yi wa alkawarin ya tafi. Ɗan yana raye?"

"Shina raye."

"A ina?"

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa, ta zuba ƙwayar cikin ɓawon, ta jefa ɓawon cikin tire, ba ta ma lura ba.

"Ni ban faɗi sunan kowa ba, ɗiyata. Uwar yaron nan dai Rekiya ce, ƙanwar Malam Ilu na Dutsin-Ma."

Yasmin ta maimaita sunan a ranta.

Rekiya. Sunan da Abba ke ambata duk azumi in zai fitar da sadakar abinci. Malam Ilu kuwa shi ne Kawu, wanda ya riƙe Abba tun yana ƙarami, wanda sunansa ke bayan na Abba a kowace takarda, Ashafa Ilu. Gidansa na jikin nasu, katanga ɗaya. Tun suna yara aka ce musu mahaifin Abba ya rasu Abba bai yi wayo ba.

 Yasmin ta kalli wayar, yaron na nan a tsaye da ƙafa ɗaya a sama. Kunnuwan Abba ne. Goshin Abba ne.

Da Gogo ta ga asiri ya riga ya fita, sai ta saki sauran. Tun farko Malam Ilu bai so auren ba, a ganinsa 'yar gidan malamai ba ta dace da makaɗi ba, Rekiya ce ta kafe. A shekarar da Baturiyar da ta ɗauki bidiyon nan ta zo da na'urarta, bayan an yanke gero an kai rumbu, naƙuda ta zo wa Rekiya da gardama. Jibo ya ɗauko ta a amalanke za su Kurfi, a cinyarsa ta cika kafin su iso, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Ranar sadakar bakwai Malam Ilu ya ce zai tafi da yaron ya sa shi makaranta. Jibo bai musa ba. Sau uku yana zuwa ganinsa ana ce masa yaron ya tafi karatu wani gari. Daga baya ya ji an daina kiransa Audi.

"Da aka tashe su ya rasa inda za shi, ni na ce mashi ya tai wurin ɗanshi. Ya tai. Alhaji ya karɓe shi, ban ce bai karɓe shi ba. Ya ba shi ɗaki, ya ba shi abinci, in ya yi ciwo ya kai shi asibiti. Amma ya ce sharaɗi biyu. Kada yara su sani, kada a ji ganga a gidanshi."

"Shi kuma ya yarda?"

"Ya ce ko a bakin kwata aka aje shi zai zauna, in dai zai riƙa ganin ku kuna wucewa."

Ta miƙe da ƙyar ta ce Yasmin ta biyo ta. A ƙuryar ɗaki, bayan wasu buhunan dawa, ta yaye wani tsohon bargo. Gangar ce. Fatar gefe ɗaya ta tsage, igiyar ratayawa ta yi baƙi da gumin shekaru. Ta ce duk bayan sallah yakan zo ya kwana biyu, ya shiga ɗakin nan ya turo ƙyaure, ya ɗora ta a cinya yana taɓawa da tafin hannu a hankali, yadda ko maƙwabta ba za su ji ba.

Yasmin ta tambaye ta ko bai taɓa yin fushi da Abba ba.

"Ko sau ɗaya. Cewa yake yaron ya zama babban mutum, shugaban makaranta, kunyar ganga yake ji, kuma shina da gaskiya. Ya ce shi ya jawo mashi."

A nan kuka ya ƙwace wa Yasmin. Ta durƙusa gaban gangar, abubuwa suna dawo mata ba tsari. Ranar da tana karatun jarrabawa ta leƙa ta taga ta ce masa ya daina ƙwanƙwasa bahon tumaki yana damun ta, ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Ragowar tuwon da ake ba ta ta kai masa, wani lokaci ta ajiye a bakin ƙofa ba ta ko tsaya gaisuwa ba. Goribar da yake ajiye mata a aljihu.

Sai wadda ta fi ci mata rai. Tana aji biyar na sakandare ta dawo daga makaranta, ya dube ta yana murmushi ya ce, "Amaryata ta dawo, yau me za a dafa min?" Ta shiga gida a fusace ta gaya wa Umma tsohon nan ba shi da ta ido. Abba ya fita ya same shi. Ba ta san me ya ce masa ba, amma daga ranar Baba Jibo bai sake kiranta komai ba sai Hajiya ƙarama.

Wasan kaka da jika yake yi mata. Sau ɗaya ya gwada a rayuwarsa, ta kai ƙararsa.

Gogo ta dafa ta tana cewa ba laifinta ba ne, wanda bai sani ba ba a kama shi. Ta roƙe ta kada ta tayar da hankalin gidansu. Yasmin ta ce to, ta share fuska, ta yi mata sallama. Amma tun kafin ta kai tasha ta san ba za ta iya kwana da maganar ba.

*

Ana fitowa sallar la'asar ta shiga gida. Umma ta tafi barka tare da ƙannen Yasmin, gidan tsit. Ta wuce shagon ƙofar gida ba ta iya kallonsa ba, yanzu buhunan dusa aka zuba a ciki.

Alhaji Ashafa na falonsa da tabarau a hanci yana duba wasu takardun makaranta. Ya amsa sallamarta bai ɗago ba, ya tambayi inda ta shiga tun safe wayarta ba ta shiga.

Ta durƙusa nesa da shi kaɗan, yadda ta saba.

"Kurfi na je, Abba."

Biron ya tsaya.

"Wurin wa?"

"Wurin Gogo."

Ya cire tabarau ya ninke, ya ajiye a kan takardun. Ya tambaye ta da izinin wa ta kama hanyar Kurfi a irin wannan zamani. Ta ce ta yi laifi, ya yafe mata. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri, sa yi magana in uwarta ta dawo.

Ba ta tashi ba. Tun da take ba ta taɓa yin haka ba.

"Abba, ka gafarce ni. Kai ka rubuta musu su sauke bidiyon?"

Ya dube ta ya daɗe.

"Ni ne."

"A matsayin wa?"

"Yasmin."

"Sun ce ɗansa ne ya rubuto. Ka rubuta wa mutanen da ba su san ka ba, a wata ƙasa, ka ce musu kai ɗansa ne. Mu ba ka taɓa gaya mana ba. Shi ma shekara shida ina jin ka, Malam Jibo kake ce masa."

Ta ci gaba. Ta ce ita ba ta isa ta yi masa hisabi ba, shi ya haife ta. Abin da ta kasa ɗauka shi ne an bar ta ta wulaƙanta kakanta da hannunta. An bar ta tana kai masa ragowa. Ranar da ya rasu tana ɗaki tana kallon waya, da aka gaya mata cewa ta yi Allah sarki, ta ci gaba da abin da take yi. Ta ce da ta sani ko ruwa ne da ta ba shi da hannu biyu.

"Duk don kada a ce kai ɗan makaɗi ne. Ya mutu yana ba ka gaskiya, Abba. Gogo ta ce cewa yake kunyar gangarsa kake ji, kuma shi ya jawo maka."

Ta sunkuyar da kai tana jiran tsawa, ko mari, duk wanda ya zo.

Ba ko ɗaya. Da ta ɗago sai ta ga fuskarsa ta sauya, kamar wanda aka gaya wa magana da yaren da bai sani ba.

"Haka ya ce? Kunya?"

"Haka ya ce."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya shafa fuska da hannu biyu. Ya ce rabin dattawan garin nan sun san ɗan wane ne shi, ba wanda ya taɓa hana shi limancin sallah ko kujerar makaranta saboda haka. In ganga ce, da ya rataya ta a falon nan.

"To mene ne, Abba?"

 Da ya fara magana, ba ita yake kallo ba, ƙofa yake kallo.

"Kin ga yaron nan da ke rawa? Kin san abin da ke faruwa a gida a lokacin da yake rawar? Innata na ɗaki tana naƙuda ita kaɗai. Tun asuba ta roƙe shi kada ya fita. Ya ce Baturiya ta zo daga nesa, ba zai ba ta kunya ba. Ya ɗauki gangarsa, ya ja hannuna, ya bar ta. Kafin mu dawo jini ya ƙare mata."

Ya juyo ya dube ta.

"Ban san fuskar uwata ba, Yasmin. Ko hotonta babu. Abin da na iya tunawa a ƙuruciyata kaf shi ne ranar nan, ƙarar ganga, da wata farar mace da baƙin akwati a kafaɗa, da ni ina tsalle ana tafa min. Shekara arba'in da shida in na rufe ido abin da nake gani ke nan. Sai ga ki kin kawo min shi a waya, wai duniya duka na kallo. Mutane na zaune a ƙasashensu suna jin daɗin ranar da uwata ta mutu."

Hawaye ya gangaro masa bai share ba. Ya ce ya yi iya abin da zai iya. Allah ya ce a kyautata wa iyaye, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, shi ya yi masa wanka da hannunsa ranar da ya rasu. Amma bakinsa ya kasa furta Baba. Sau da yawa yakan fito da niyyar ya zauna su yi magana, in ya hango hannuwan nan da suka kaɗa ganga a ranar sai ya juya.

 Tausayinsa ya kama Yasmin, sai kuma maganar ta tsaya mata a rai, don ba ta yi daidai da abin da ta ji da safe ba.

"Abba, wa ya gaya maka ranar ce?"

"Kawu. Tun ina yaro."

"Kai ka taɓa tambayar Baba Jibo?"

"Me zan tambaye shi?"

"Ka kalli bidiyon har ƙarshe?"

Ya ce bai kalla ba, kuma ba zai kalla ba.

Ta rarrafo ta matso da wayar a hannu. Ta ce ita ta kalle shi ya fi sau talatin saboda kundinta, ta san kowane minti. Ta roƙe shi don Allah ya ba ta minti ɗaya, in ya gani ya ce a sauke, ita da kanta ba za ta sake tayar da zancen ba.

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ja bidiyon zuwa minti na goma sha ɗaya ta ajiye a kan takardunsa.

Manoma sun kai ƙarshen kunya, sun miƙe suna share gumi. Na'urar ta juya gefen gona, inda mata suka sauke ƙoren fura a gindin wata ƙirya. Wata doguwar mace ta fito daga cikinsu, ɗaurin ƙirji da mayafi a kafaɗa, cikinta ya ɗan taso, bai fi wata biyar ba. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Yaron ya sheƙo da gudu ya rungume ƙafafunta, ta sunkuya ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa, tana share masa fuska da bakin mayafi tana dariya. Mai gangar ya matso yana yi mata kiɗa, ta kau da kai don kunya, tana ture shi da hannu ɗaya.

A ƙasan hoton rubutu ya fito da Turanci: matar mai ganga da ɗansu.

Yasmin ta ce a hankali, "Yuli ne, Abba, gero bai ko yi kai ba. Gogo ta ce sai bayan an kai amfani rumbu ta rasu. A amalanke, a hanyar Kurfi. Ta ce a cinyarsa ta cika."

Alhaji Ashafa bai ji ta ba, ko ya ji bai nuna ba. Ya lalubi tabarau ya sa, ya ɗauki wayar da hannu biyu ya kawo ta kusa da fuska.

"Mayar."

Ta mayar.

Guɗar ta sake tashi. Matar ta sake sunkuyawa.

"Mayar."

Sau biyar tana mayarwa. A na biyar ɗin, daidai inda matar ta juyo ta kalli na'urar, ya sa yatsa ya tsayar da bidiyon da kansa. Ya zauna yana kallon ta. Leɓensa na motsi, sai can ta ji abin da yake cewa, Inna, Inna, kamar mai gwada kalmar ya ji ko ta zauna.

Sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Irin kukan da ya yi Yasmin ba ta taɓa jin namiji ya yi shi ba, ba ƙara, sai kafaɗu da ke girgiza da numfashi da ke sarƙewa. Ta riƙe gefen rigarsa tana nata kukan.

"Shekara shida," ya ce da ya samu numfashi. "Taku goma tsakanina da shi. Ranar da zai rasu ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Na ɗauka barin Inna a naƙuda yake nufi. Na ce masa Allah ya yafe mana gaba ɗaya, na zare hannuna."

 Ta ce Abba ka yi masa addu'a, ba ka sani ba ne. Ya girgiza kai ya ce rashin sani na wanda ba shi da wurin tambaya ne, shi kuwa amsar na ƙofar gidansa tana ba tumaki ruwa.

Ya tambaye ta yaushe suka ce za su sauke. Ta ce jibi. Ya gyaɗa kai.

Sai ya miƙe. Bai nemi hula ba, bai sa takalmi ba. Wayar na hannunsa ya fita, Yasmin ta bi shi tana kiran Abba, Abba, ka tsaya ka huce. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce shagon, ya fita titi. Masu sayar da rake a bakin layi suka bi shi da kallo, ba su taɓa ganin shugaban makaranta ba hula ba.

Malam Ilu na zaurensa a kan buzu, inda yake zama kullum tsakanin la'asar da magariba. Ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya mutu, amma kunnensa garau. Ya ɗago da fara'a jin takun ɗan da ya raina, yana cewa yau an taso da wuri.

Alhaji Ashafa bai yi sallama ba, bai durƙusa ba. Ya tsaya a kansa, ya danna wayar.

Ganga ta cika zauren. Sai guɗar.

Carbin da ke hannun tsohon ya tsaya. Bai tambayi mene ne wannan ba, bai nemi a nuna masa ba. Ya karkata kai yana saurare har guɗar ta ƙare.

"Kawu," muryar Abba ta fito a dishe, "wace rana Innata ta rasu?"

Malam Ilu ya ajiye carbin a kan buzu. Ya juyo da idonsa mai gani ya dubi Yasmin da ke rakuɓe a bakin ƙofa, ya dawo da shi kan Abba.

"Na ɗauka zan mutu ba ka tambaya ba, in tafi da maganar kabari," ya ce. "Ke 'yar nan, ba mu wuri."